Ibnul Haisam: Malamin da Ya Tuhumi Littattafan Magabata

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To, amma ɗalibin da ke bincike, yawancin abin da yake rubutawa jin sa ya yi: ya ji daga littafi, ko daga mujalla, ko daga bakin malami, ko kuwa daga intanet. Ba shi da halin da zai gwada kowace magana da hannunsa, saboda haka tilas ne ya san hanyar da zai auna masu ba shi labari, ya rarrabe wanda za a dogara da shi da wanda za a yi hattara da shi. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu neman ilmi. Kimanin shekara dubu da suka wuce an yi wani malami mutumin Basra wanda ya ƙare rayuwarsa yana fama da ita, har ya bar wa na baya hanyar da za su bi. Sunansa Hasan ɗan Hasan Ibnul Haisam, Turawa kuwa suna kiran sa Alhazen.

Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwar wannan malami, da irin aikin da ya yi a kan haske da gani, da yadda ya tsaya ya tuhumi littattafan da mutanen zamaninsa suka ɗauka ba su da kuskure. Har wa yau za a duba yadda labarin rayuwar tasa ya iso ga mutanen yau, domin shi ma labarin yana bukatar a ɗora shi bisa ma'aunin da mai shi ya kafa.

Asalinsa da Zamaninsa

An haifi Abu Ali Hasan Ibnul Haisam a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya, watau 354 Hijira. A wannan lokaci halifancin Abbasiyawa ya riga ya yi rauni, domin tun shekarar 945 sarakunan Buwaihi suka karɓe ragamar mulki a Bagadaza, suka bar halifa da suna kawai. Sai dai raunin mulki bai zama raunin ilmi ba. Aikin fassara da aka soma tun ƙarni na 8 ya riga ya juyar da manyan littattafan Yunanawa zuwa Larabci. Ɗalibi a Basra yana iya karanta littafin Uƙlidis a kan lissafin siffofi, watau handasa, da littattafan Aristo a kan falsafa, da na Jalinus a kan likitanci, da kuma na Batlamiyus, mutumin Iskandariya, a kan falaki. Zamani ne na manyan malamai, domin Albiruni, wanda aka haifa a 973, da Ibnu Sina, wanda aka haifa a 980, duk tsararrakinsa ne.

Yawan littattafai ya zo da nasa ciwon kai. Magabatan nan sun saɓa wa juna a kan mas'aloli da dama, kowane kuma yana da mabiya masu kare shi. Ibnu Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci wanda ya rasu a 1270, ya kawo wani taƙaitaccen bayani da ya ce Ibnul Haisam ya rubuta a kan kansa a shekarar 1027. A cikin bayanin an nuna cewa tun yana yaro saɓanin ra'ayoyin mutane yake damun sa, ganin kowace ƙungiya ta riƙe nata ta ce shi ne daidai. Ya tabbata a ransa cewa gaskiya ɗaya ce, hanyoyin neman ta ne suka bambanta. Bayan dogon nazari ya tsayar da shawara cewa a sha'anin halittu ba zai natsu da wata magana ba sai wadda gaɓoɓin ji da gani suka kawo kayanta, hankali kuma ya tsara ta.

Tafiya Masar da Labarin Kogin Nilu

Lokacin da Ibnul Haisam ya yi suna, ƙasar Masar tana hannun Faɗimiyawa, waɗanda suka gina birnin Alƙahira da masallacin Azhar. Halifansu Alhakim bi Amrillah, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, mutum ne mai son ilmi, shi ne ma ya kafa Darul Ilmi a shekarar 1005. Amma kuma an san shi da saurin fushi da zubar da jinin ma'aikatansa.

Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya ruwaito cewa labari ya kai ga Alhakim wai akwai wani malami a Iraƙi da ke cewa da yana Masar da ya yi wa Kogin Nilu aikin da zai sa a amfana da shi ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin abincin Misirawa duka ya rataya ne bisa ambaliyar kogin ta shekara-shekara: in ta gaza a yi yunwa, in ta wuce kima ta ci gonaki da gidaje. Halifa ya aika masa da dukiya, ya gayyace shi, ya fita da kansa ya tarye shi. Sa'an nan aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nufi kudu.

Abin lura a nan shi ne, a bisa wannan ruwaya, Ibnul Haisam ya gina shirinsa ne a kan labarin da ya ji yana Iraƙi, cewa kogin yana gangarowa ne daga wani tudu a kan iyakar Masar. Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi, domin ya ga gine-ginen mutanen dā, ya ga gwanintarsu a kan lissafi da sassaƙa dutse, ya ce a ransa da abin mai yiwuwa ne da waɗannan ba su bar shi ba. Da ya isa wurin duwatsun da ake kira Janadil, kudu da Aswan, ya duba gaɓa biyu na kogin, sai ya tarar wurin ba yadda aka kwatanta masa yake ba. Ya komo ya faɗa wa halifa gaskiya, cewa aikin ba zai yiwu ba. Tarihi ya gaskata hukuncin nasa, domin ba a iya datse Nilu a Aswan ba sai a shekarar 1902, babbar madatsar kuwa sai a 1970 aka gama ta, da injuna da kayan aikin da babu su a zamaninsa.

Ibnul Ƙifɗi ya ci gaba da cewa halifa ya ba shi wani muƙami a ofis, ya karɓa don tsoro. Da ya ga ransa na cikin haɗari sai ya ƙaga hauka. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida har Alhakim ya ƙaura a 1021. Daga nan ya nuna lafiyarsa lau, aka mayar masa da kayansa, ya tare kusa da ƙofar Azhar yana karatu da rubutu. An ce a kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis, da babban littafin Batlamiyus mai suna Almajisɗi, da wasu matsakaitan littattafan lissafi da ake karantawa tsakanin biyun, ya sayar a kan dinari 150, ya ci shekara da kuɗin.

Auna Masu Ba da Labarin

Wannan labari yana da daɗin ji, shi ya sa littattafan zamani da yawa suke kawo shi kamar wanda aka yi a gaban marubucin. Amma ɗalibi mai hattara zai fara da tambayar wane ne ya faɗa, kuma yaushe. Ibnul Ƙifɗi ya rubuta littafinsa ne kimanin shekara 200 bayan rasuwar wanda yake ba da labarinsa. Akwai kuma wanda ya riga shi, watau Zahiruddin Albaihaƙi, mutumin Khurasan da ya yi zamani a ƙarni na 12, shi kuwa wani labari dabam ya kawo. A wurinsa Ibnul Haisam bai je Aswan ba sam. Halifa ne ya zo bisa jakinsa ƙofar masaukin baƙon, ya duba takardar shirin, ya ce kuɗin da za a kashe ya fi amfanin da za a samu, ya juya ya tafi. Malamin ya tsorata, ya gudu Sham cikin dare. Ibnu Abi Usaibi'a kuma ya kawo ruwaya ta uku daga wani masanin lissafi mai suna Ƙaisar, wadda ta ce a Basra ne ya riƙe muƙamin waziri, a can kuma ya yi haukan ƙarya domin a sauke shi ya sami sukunin karatu, daga baya ya koma Alƙahira.

Ga ruwayoyi uku ke nan, babu wanda ya ga mutumin da idonsa a cikin masu su, kuma sun saɓa a kan inda aka yi haukan, da dalilinsa, da inda ya nufa bayan ya rabu da halifa. Abin da aka fi samun natsuwa a kansa kaɗan ne: asalinsa Basra, ya zauna a Alƙahira, ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan lissafi da haske da falaki. Bugu da ƙari, manazarta biyu na wannan zamani sun yi doguwar muhawara a kan sunansa, domin wasu takardu suna kiran sa Hasan, wasu kuma Muhammad. Roshdi Rashed yana ganin mutum biyu ne aka gwama, kuma bayanin nan na shekarar 1027 na Muhammad ne, masanin falsafa. Abdulhamid Sabra kuwa ya tsaya a kan cewa mutum ɗaya ne. Saboda haka abin da ya fi tabbas game da Ibnul Haisam shi ne littattafan da ya bari, domin su suna nan, kowa yana iya buɗawa ya duba.

Kitabul Manazir

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, watau littafin ilmin gani, mai maƙala bakwai. Ta farko zuwa ta uku suna magana a kan haske da ido da yadda ake gane abin da aka gani, da kurakuran gani. Ta huɗu zuwa ta shida suna magana a kan madubi, ta bakwai kuwa a kan yadda haske ke karkacewa idan ya ratsa daga iska ya shiga ruwa ko gilashi.

Ya tarar da malamai sun rabu gida biyu a kan yadda mutum yake gani. Masana lissafi, irin su Uƙlidis da Batlamiyus da Alkindi, sun ce wani haske ne ke fita daga ido ya tafi ya taɓa abin da ake kallo. Masana falsafa mabiya Aristo kuwa sun ce siffar abin ce ke zuwa ga ido. Na farkon suna da lissafi mai kyau amma tushen maganarsu ba shi da ƙarfi, na biyun kuma tushensu ya fi kusa da daidai amma ba su iya bayyana yadda ido ke rarrabe girma da nisa da matsayi ba. Ibnul Haisam bai zaɓi ɓangare don girman sunan shugabansa ba. A farkon littafin ya bayyana cewa idan ra'ayoyi biyu suka yi karo, to ko dai ɗaya ne daidai, ko duka biyun kuskure ne, ko kuwa kowanne ya riƙi wani yanki na gaskiya. Ya ce zai sake binciken daga tushe, ya fara da abin da ido ke gani a fili wanda ba ya sākewa, ya hau sannu a hankali, yana tuhumar kowane mataki, yana kuma tsare kansa daga son zuciya.

Hujjojinsa na farko kowa yana iya gwada su. Wanda ya dubi rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon farin abu a cikin rana sa'an nan ya juya ga duhu, zai ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci. Wannan ya nuna cewa wani abu ne daga waje yake yi wa ido tasiri. Daga nan ya kafa cewa kowane ɗigo a jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa haske ta kowace fuska bisa miƙaƙƙun layuka, abin da ya shiga ido daga cikinsu shi ke haddasa gani. Ta haka ya ɗauki lissafin ɓangare ɗaya ya ɗora bisa tushen ɗaya ɓangaren, ya kuma haɗa da bayanin sassan ido da ya samu daga likitoci mabiya Jalinus.

Abin da ya bambanta littafin da na magabata shi ne yawan gwaji, wanda yake kira i'itibar. Alal misali, domin ya nuna haske miƙe yake tafiya, ya ce a jera fitilu a wurare dabam-dabam a gaban wata 'yar kafa da ke buɗewa cikin ɗaki mai duhu. A bangon da ke fuskantar kafar za a ga tabon haske gwargwadon yawan fitilun, kowane tabo yana daidai da fitilarsa bisa layin da ya bi ta kafar. In aka rufe fitila ɗaya, tabonta kaɗai zai ɓace, in aka buɗe ya komo. Wannan ya nuna abu biyu: haske ba ya kwana, kuma haskoki suna ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Ga gwaje-gwajen madubi da na ruwa kuma yakan bayyana yadda za a ƙera kayan aikin da tagulla ko katako, da awonsu, da inda za a huda, da yadda za a ajiye su. Manufar wannan dogon bayani ita ce kada mai karatu ya dogara da shi don shi ne ya faɗa. Ya miƙa masa hanyar da zai sake gwajin, ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Sai dai bai ɗauki ido a matsayin shaidar da ba ta kuskure ba. Maƙala ta uku gaba ɗaya a kan ruɗin gani take. Ya lissafa sharuɗɗa takwas da sai sun daidaita gani yake inganta, daga ciki akwai nisa, da ƙarfin haske, da girman abin, da tsawon lokacin kallo, da lafiyar idon kansa. Ya nuna cewa yawancin abin da mutum ke cewa ya gani hukunci ne da hankali ya yanke cikin gaggawa bisa abin da ya saba. Wanda ya ga wata cikin gizagizai masu gudu sai ya zaci watan ne ke gudu. Ashe ke nan gani yana korar ji ne kawai idan an tsare sharuɗɗansa.

Shakku a Kan Batlamiyus

Littafin da ya fi shafar ɗalibi mai bincike shi ne wanda ya kira Ashshukuk ala Batlamiyus, watau shakku a kan Batlamiyus. Batlamiyus ya rubuta Almajisɗi wajen shekarar 150 Miladiyya, littafin kuma ya shekara fiye da 800 yana matsayin madogarar masu ilmin falaki. Ibnul Haisam ya san littafin ciki da bai, ya yi sharhi a kansa, kuma bai taɓa musun girman mai shi ba. Amma a gabatarwar wannan littafi ya yi wani bayani wanda har yau ake komawa gare shi. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, ɗabi'ar mutum ce ya kyautata zato ga malamai, har ya zama idan ya fahimci abin da suka rubuta sai ya ɗauka ya kai ga gaskiya, alhali kuwa abin da ya kai gare shi nufin marubucin ne kawai. Allah bai kuɓutar da malamai daga kuskure ba, da ya kuɓutar da su da ba su saɓa wa juna ba. Saboda haka mai neman gaskiya shi ne wanda zai mai da kansa abokin husumar duk abin da yake karantawa, ya bi shi ta kowace kusurwa, ya bi hujja ya bar girman suna. Sa'an nan ya ƙara da sharaɗi na biyu wanda mutane suka fi mantawa, watau mai binciken ya tuhumi kansa shi ma, kada ya matsa wa marubucin don ƙiyayya, kada kuma ya sassauta masa don ƙauna.

Bai tsaya ga wa'azi ba, ya nuna aikin a zahiri. Ya bi littattafai uku na Batlamiyus, biyu a kan falaki ɗaya a kan gani, yana fito da wuraren da suka ci karo da juna. Mafi shahara shi ne wannan. Batlamiyus ya kafa ƙa'ida cewa taurari masu tafiya suna kewayawa ne bisa da'ira da gudu ɗaya wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da ya ga lissafin bai dace da abin da ake gani a sama ba, sai ya ƙaga wani ɗigo a gefen tsakiyar da'irar, ya ce daga wannan ɗigo ne tafiyar take daidaita. Dabarar tana ba da amsa mai kyau wajen hasashen inda tauraro zai kasance, shi ya sa aka karɓe ta. Ibnul Haisam kuwa ya ce ta rushe ƙa'idar da mai ita ya kafa da kansa, kuma jiki na haƙiƙa ba zai yi tafiya bisa ɗigon da babu shi sai a zuciyar mai lissafi ba. A ganinsa, dacewar amsa ba ta wanke hujjar da ke da saɓani a cikinta.

Wannan suka ta yi aiki bayan ransa. Malaman falaki irin su Nasiruddin Aɗɗusi, wanda ya rasu a 1274, da Ibnu Shaɗir na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, sun ɓata shekaru suna neman tsarin da zai kauce wa wannan ɗigo. Matsalar nan kuma tana cikin abubuwan da suka dami Kofanikas, wanda littafinsa ya fito a 1543.

Kurakuransa da Waɗanda Suka Gyara

Adalci ga wanda ya koyar da tuhuma shi ne a tuhume shi. Ibnul Haisam ya yi kuskure a wurare da dama. Duk da sukar da ya yi wa Batlamiyus, ya yarda da shi cewa ƙasa ce a tsakiya, rana da taurari suna kewaya ta. A sha'anin ido kuma ya bi Jalinus a kan cewa wani ɗan abu garai-garai mai kama da ƙanƙara da ke bayan baƙin ido shi ne wurin da gani ke farawa. Bayaninsa a kan bakan gizo ma bai dace ba, domin ya ɗauka girgije ne ke mayar da hasken rana kamar madubi mai zurfi.

Abin sha'awa shi ne da hanyarsa aka gyara shi. Wajen shekarar 1300 wani malami a ƙasar Farisa, Kamaluddin Alfarisi, ya sami kwafin Kitabul Manazir ta hannun malaminsa Ƙuɗubuddin Shirazi, ya rubuta masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir. Da ya zo kan bakan gizo bai karɓi maganar ba. Ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mai da shi kamar babban ɗigon ruwan sama, ya sa shi cikin ɗaki mai duhu, ya bi hasken da ya shiga ciki, ya gano cewa a cikin kowane ɗigo ne haske ke karkacewa ya dawo. A Turai kuma an fassara littafin zuwa harshen Latin wajen shekarar 1200, malamai irin su Roger Bacon da Witelo suka gina nasu aikin a kansa, sa'an nan Friedrich Risner ya buga shi a birnin Basel a 1572. Daga wannan gado ne Johannes Kepler ya tashi, har ya nuna a 1604 cewa a tantanin bayan ido ne hoto ke sauka, kuma a kife.

Abin da Aka Jingina Masa

Shahara takan jawo wa mai ita kayan da ba nasa ba. Fassarar Latin ɗin nan ta rasa babi uku na farkon littafin, inda ya shimfiɗa hanyar bincikensa, saboda haka Turawa sun shekara ɗaruruwa suna karanta shi ba tare da gabatarwarsa ba. Har wa yau, Risner ya haɗa da wani ƙaramin littafi a kan ketowar alfijir da faɗuwar shafaƙi, inda aka ƙiyasta tsawon iskar da ke lulluɓe da duniya, ya buga shi da sunan Alhazen. An yi kusan shekara 400 ana yaba masa a kan wannan aiki, sai a 1967 Sabra ya nuna cewa na wani malamin Andalus ne mai suna Ibnu Mu'az.

Haka nan ana yawan rubuta cewa ya wallafa Kitabul Manazir ne yana tsare, tsakanin 1011 da 1021, har wasu su ƙara da cewa hasken da ya shigo ta wata kafa a ɗakin da aka kulle shi ne ya buɗe masa ido. Tsofaffin marubutan tarihinsa ba su faɗi haka ba. Hasali ma sunan littafin bai fito a jerin ayyukansa na 1027 da 1028 ba, sai a jerin da ya tsaya a 1038 mai ɗauke da sunaye 92, abin da ya sa Sabra ya ɗora rubuta shi a tsakanin waɗannan shekaru. Masu cewa shi ya ƙago kyamara ma sun wuce gona da iri, domin mutanen Sin mabiya Mozi sun bayyana hoton da ke shiga ta kafa tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da ya yi shi ne ya binciki al'amarin da lissafi da gwaji, musamman a maƙalarsa a kan siffar husufin rana. Hotunansa da ake gani a littattafai da takardar kuɗin Iraƙi kuwa duk ƙagen masu zane ne.

Rasuwarsa

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, yana da kimanin shekara 75. Ibnul Ƙifɗi ya ambaci cewa ya ga wani littafin handasa da rubutun hannunsa mai ɗauke da shekarar 432 Hijira, wadda ta yi daidai da 1040 zuwa 1041, wannan ya nuna yana riƙe da alƙalami har ƙarshen ransa. Fiye da 50 daga cikin ayyukansa sun tsira. A 1942 da 1943 masanin kimiyya Mustafa Nazif ya fitar da babban nazari mai juzu'i biyu a kansa a Alƙahira, Sabra kuma ya buga maƙala uku na farkon Kitabul Manazir da Larabci a 1983, da fassarar Ingilishi a 1989. An raɗa wa wani rami a duniyar wata sunansa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske.

Kammalawa

Daga rayuwar wannan malami ɗalibi zai iya fitar da tambayoyin da zai riƙa yi wa kowane littafi ko mujalla ko shafi da ya zo hannunsa. Wane ne ya faɗi maganar, kuma gani ya yi ko ji? Shekara nawa ke tsakaninsa da abin da yake ba da labari? Ya bayyana hanyar da ya bi, yadda wani zai iya sake bin ta? Maganarsa ta yau ta dace da ƙa'idar da ya kafa jiya? Akwai wani mai zaman kansa da ya zo da irin ta, ko kuwa kowa daga wuri ɗaya ya kwafo? Daga ƙarshe, mai karatun ya tambayi kansa ko ya yarda da maganar ne don hujjarta, ko kuwa don ta yi daidai da abin da yake so ya rubuta.

Ibnul Haisam bai raina magabata ba. Mutumin da aka ce yana kwafar Almajisɗi da hannunsa kowace shekara shi ne ya fi kowa sanin inda littafin ya karkace, domin tuhuma mai amfani sai bayan karatu mai zurfi take zuwa. Ya girmama Batlamiyus ta hanyar bincikar sa, Alfarisi da Kepler kuma suka yi masa irin wannan girmamawa. Allah ya jiƙan malamai, ya ba ɗalibai haƙurin bin sawunsu.